Haɗurran Aiki da Ƙarancin Horo ga Leburorin Manyan Gonaki a Kano

Gabatarwa

Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta sanya noma cikin sana'o'i uku mafi haɗari, tare da haƙar ma'adinai da gine-gine. Wannan nazari ya dubi 'yan ƙwadagon gandayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tambayar ita ce: me ya sa haɗari ke yawan faɗa wa wanda aka ɗauka aikin yini?

Ire-iren haɗurran

Na farko shi ne feshi. Tun bayan da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a 2016, manoma suka ƙara dogaro da maganin ƙwari. Za ka ga yaro ya goya tankin feshi, ba takunkumi ba safar hannu, yana dama magani da kara, tankin na tsiyaya a gadon bayansa. In bakin bututu ya toshe, sai ya hura shi da baki. Da rana ta take, ya zauna ya ci rogo da hannun nan. Jiri da amai da ke biyo baya sai a ce zafin rana ne.

Na biyu shi ne injin casar shinkafa, wanda bel ɗinsa ke juyawa ba murfi, ya fizgi hannun riga ya haɗa da yatsu. Na uku saran maciji, musamman kububuwa, lokacin girbi, ga mai shiga gona da silifa.

Tushen matsalar

Sau da yawa akan rufe maganar da cewa ƙaddara ce. Imani da ƙaddara bai hana ɗaukar mataki ba, kuma tushen matsalar na cikin tsarin ɗaukar aiki. Lebura na zuwa da safe, a sallame shi da yamma, ba sunansa a rubuce. Mai gonar kuwa, wani lokaci yana zaune a unguwa irin Nassarawa GRA, ta waya yake jin labari daga wakilinsa. Wanda ba a san ko zai dawo gobe ba, ba wanda ke ɓata lokacin koya masa. Umarnin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari kuma da Turanci yake.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Amma wanda ba shi cikin rajista, da wuya diyya ta iske shi. Haka Yarjejeniya ta 184 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2001 ta ɗora wa mai gona alhakin horar da ma'aikaci da harshen da yake fahimta.

Kammalawa

Horon da zai yi tasiri shi ne na bakin gona, da Hausa, ta hannun malaman gona na hukumar raya noma ta Jihar Kano (KNARDA) da shugabannin 'yan ƙwadago, kafin kowace kakar feshi da girbi. Wajibi ne masu gonaki su rubuta sunan duk wanda suka ɗauka, su tanadi takalmin roba da takunkumi, su rufe bel ɗin inji. Rigakafi ya fi magani, kuma haƙƙin lafiyar lebura yana wuyan wanda ya sa shi aiki.