Tsamin Da Ya Ƙi Mutuwa: Tarihin Giyar Lambik

Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja ni ga tarihinta tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: yaya ɗanɗanon da jama'a suka saba da shi shekaru aru-aru yake komawa aibi, daga baya kuma ya dawo abin alfahari? Amsar da ta fi gamsar da ni na same ta ne a ƙasar Beljiyam, a kwarin kogin Senne da karkarar Pajottenland da ke kudu maso yammacin birnin Brussels, inda ake yin wata giya mai tsami da ake kira lambik.

Ana dafa ta ne da tsiron sha'ir da ɗanyen alkama, a zuba furen hop wanda aka ajiye har ya tsufa, ɗacinsa ya ragu. Daga nan sai a juye ruwan da zafinsa cikin wani faffaɗan faranti na tagulla, a bar shi ya kwana a buɗe. Ba a sa masa yisti. Ƙwayoyin halittar da ke cikin iska da jikin katako su ke shiga su tsima shi. Ana wannan aiki ne a watannin sanyi kaɗai, tsakanin Oktoba da Afrilu, domin zafi yakan hayayyafa ƙwayoyin da ke lalata ruwan. Sannan a ɗura a gangunan katako shekara 1 zuwa 3. Idan aka gauraya sabo da tsoho ya ƙara tsimuwa a kwalba, sunansa gueuze. Idan aka jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami a ciki, ya zama kriek.

A zamanin da, yawancin giyar Turai takan ɗauki tsami in ta jima, don babu wanda ya san abin da ke tsima ta. Ƙarni na 19 ne ya sauya lamarin. A 1842 aka fara dafa giyar Pilsner, mai haske marar tsami, a garin Pilsen na ƙasar Cak ta yanzu. A 1876 masanin Faransa Louis Pasteur ya wallafa bincikensa a kan giya, inda ya nuna cewa baƙin ƙwayoyin halitta ne ke kawo tsami da lalacewa. A 1883 kuma Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yisti iri guda a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmark. Tun daga nan masana'antu suka iya fitar da ɗanɗano ɗaya kullum, tsami kuwa ya zama alamar sakaci.

Masu lambik suka shiga tsaka mai wuya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bakin jama'a ya karkata ga lemon kwalba da Pilsner. Wasu gidajen suka koma zuba zaƙi don su rufe tsamin, da yawa kuma suka rufe ƙofa. A nan ne nake jinjina wa 'yan tsirarun da suka tsaya kai da fata. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht, ya ƙi rufe ƙofa. A 1978 Jean-Pierre Van Roy ya mayar da shi gidan tarihi mai ci gaba da aiki, domin kuɗin masu ziyara ya tallafi sana'ar. A 1997 wasu masu lambik suka kafa ƙungiyar HORAL don kare ainihin hanyar kakanninsu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar Beljiyam cikin gadon al'adun duniya.

Yau reshe ya juye da mujiya. Kwalbar da a da ta rasa mai saye, yanzu daga Amurka da Japan ake zuwa nemanta, kuma kuɗi ba sa gaggauta ta, tunda ganga ba ta san sauri ba. Masu ɗanɗana ta suna yabon tsaminta da ƙanshin da ke kama da na rumbun ciyawa, wato abin da aka taɓa kira aibi. Sai dai ɗumamar yanayi na rage dararen sanyin da sana'ar ta dogara a kai.

Abin da na tsinta a wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Nonon da Bafulatana ke kwantarwa a ƙwarya, da kalwar da ake rufewa kwanaki har ta zama daddawa, da burkutun da Maguzawa ke yi da tsiron dawa, duk ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke aikinsu, kamar lambik. Matan da suka iya waɗannan sana'o'i ba su rubuta iliminsu ba; yana hannunsu da hancinsu. Ga shi dunƙulen kanti yana ture daddawa daga tukwanen birni, yaranmu kuma suna toshe hanci in sun ji warinta. Lambik ya tsira ne saboda an sami waɗanda suka riƙe shi a shekarun da aka raina shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami mai ajiye ta.