Hasken Zuci da Alƙur'ani: 'Yan Kweka na Farko da Musulmi

A shekarar 1658 wata 'yar Ingila mai suna Mary Fisher, wadda a da aikatau take yi, ta isa sansanin Sultan Mehmed na Huɗu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Edirne, ta ce tana ɗauke da saƙo daga Allah. Sultan ya saurare ta cikin mutunci, har ya yi mata tayin 'yan rakiya. Shekara biyu kafin nan, a Boston, Kiristoci 'yan'uwanta ne suka ƙone littattafanta, suka tuɓe ta suna neman alamar maita a jikinta, sannan suka kulle ta.

Fisher 'yar ɗarikar Kweka ce, wadda George Fox ya jagoranci kafuwarta wajen 1652. Ginshiƙin aƙidarsu shi ne Allah ya sanya haskensa a zuciyar kowane ɗan Adam, ko ya taɓa jin Linjila ko bai taɓa ba. Ina ganin wannan aƙida ce ta sa suka fuskanci Musulmi ta hanyar da ba kasafai ake gani ba a Turai ta wancan ƙarni.

Dubi wasiƙar da Fox ya rubuta wa Sultan da mai mulkin Aljiyas a 1680, kan azabar da ake gana wa fursunoni, ciki har da 'yan ɗarikarsa. Hujjojinsa daga Alƙur'ani ya ɗauko su, ta fassarar Ingilishi ta 1649 da aka yi daga Faransanci. Fassarar cike take da kurakurai, amma ya zauna ya karanta ta, ya kuma nemi masu mulkin su yi adalcin da Littafinsu ya umarce su. Wanda ya kafa maka hujja da littafinka ya riga ya yarda kana da abin da kake tsoron saɓawa.

Haka labarin Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Tufail, malamin Andalus, game da yaron da barewa ta shayar a tsibiri, ya girma shi kaɗai har ya san Mahaliccinsa. George Keith, wani ɗan ɗarikar, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1674, Robert Barclay kuma ya kawo shi shaida a babban littafinsa na kare aƙidar ɗarikar.

A nan ne masu yabon Kweka kan zarce. Fisher wa'azi ya kai ta, ba neman sani ba, hasken da Barclay ya gani cikin Hayyu kuwa hasken Almasihu yake nufi. Sun ji Musulmi ne da kunnen aƙidarsu. Duk da haka ba na raina abin da suka yi. Masu zaman tattaunawar addinai a yau, musamman a garuruwanmu da rikici ya raba unguwanni, ya kamata kowanne ya fara karanta littafin abokin zamansa kafin ya hau teburi.