Alkalami (salon haruffan kwamfuta)

Alkalami salon haruffan kwamfuta ne na rubutun ajami, wanda ƙungiyar SIL International ta fitar a 2017. An tsara shi don kwaikwayon Rubutun Kano, wato hannun da alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da shi, wanda almajiran Daura, Katsina da Maraɗi suka saba gani a allo.

Haruffansa masu kauri ne, suna bin yadda bakin alƙalamin kara ke faɗaɗa layi ko sirantar da shi. Sai dai kowane harafi kan fito da kamanni guda kullum, ba kamar hannun malami ba, inda tawada kan yi duhu nan, ta dusashe can. Kyauta ake sauke shi a intanet.