Yadda ake zaɓen fiyus wajen farfaɗo da tsohuwar mota

Masu farfaɗo da tsofaffin motoci kan kashe kuɗi mai yawa a kan inji da fenti, amma ba kasafai suke kula da fiyus ba, alhali kuskure a wannan ɗan ƙaramin abu na iya jawo gobarar da za ta cinye motar ƙurmus.

Aikin fiyus shi ne kare waya. Ɗan siririn ƙarfen da ke cikinsa yana narkewa idan wuta ta wuce kima, sai layin ya yanke kafin robar waya ta kama. Don haka kaurin waya ne ke ƙayyade girman fiyus. Wanda ya ƙara girmansa domin yana yawan ƙonewa, ko ya maye gurbinsa da guntun waya, ya mai da wayar motar ce ta zama fiyus.

Babban tarkon yana cikin motocin Ingila, irin su Land Rover na da, da Morris Minor da MG, masu amfani da fiyus ɗin gilashi na kamfanin Lucas. Lambar da ke jikinsa tana nuna ƙarfin wutar da zai ƙone shi nan take, kuma wutar da yake iya ɗauka a kullum rabin hakan ce. Fiyus ɗin Lucas mai lamba 35 yana ɗaukar kimanin amfiya 17 ne kawai. Na Amurka kuwa, nau'in AGC, wanda ya yi kama da shi a ido, lambarsa tana nuna wutar da yake ɗauka a kullum. Saka AGC mai lamba 35 a gurbin Lucas mai lamba 35 tamkar ninka girman fiyus ɗin ne. Abin da ya dace shi ne mai amfiya 15 zuwa 20. Lamarin ya fi muni ganin cewa da yawa daga cikin waɗannan motoci fiyus biyu kacal suke da shi.

Motocin Jamus, kamar Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975, da tsofaffin Mercedes-Benz, suna amfani da fiyus na tangaran mai tsini a kai biyu, tsawonsa milimita 25. Da launi ake gane shi: ruwan ɗorawa amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. A nan ma ana ruɗewa, domin a fiyus na zamani mai ƙafa biyu, wanda ya fito a 1976, ja na nufin 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa kuma 20. Mai gyaran da ya saba da motocin yau zai iya karanta launin a baibai. Na roba masu arha da ake sayarwa a madadin na tangaran kan yi laushi idan suka ji zafi, su saki maƙalinsu, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa.

Idan littafin motar ya ɓace, akwai lissafi mai sauƙi: a raba wat da bolt. Ƙwan fitila mai wat 55 a batir mai bolt 12 yana jan kusan amfiya 4.6. A mota mai bolt 6, kamar yawancin Beetle da aka ƙera kafin 1967, wat ɗaya ɗin zai ja ninkin wannan wutar. Ana zaɓen fiyus ɗin da ya ɗan ɗara abin da layin ke ja, muddin bai fi ƙarfin wayar ba.

Sau da yawa kuma laifin na tsatsa ne. Maƙalin da ya yi tsatsa yana ɗaukar zafi har ya narkar da lafiyayyen fiyus, don haka sai a cire kan batir, a goge shi, a matse shi. Sabbin kaya kamar rediyo ko ƙarin fitilu kuwa, a ja musu layinsu daban da fiyus nasu kusa da batir.