Sawun Ƙafa a Gindin Ganuwa: Tarihin Hanyoyin Tafiya a Kewayen Birnin Katsina

Duk al'ummar da ta yi wa abu ɗaya sunaye da yawa, to abin ya daɗe a cikin rayuwarta. Bahaushe bai tsaya ga kalmar hanya kaɗai ba. Yana da turba, siririyar hanyar da ƙafa ta fitar. Yana da gwadabe, wadda ayari ke bi. Yana da burtali, wanda aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. Yana da lungu a cikin gari. Yana kuma da badala, wato tudun da ke jikin ganuwa ta ciki, inda mutum ke iya tsayawa ko takawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi domin mota. A wannan maƙala ina so in bi sawun waɗannan hanyoyi a kewayen birnin Katsina, in nuna cewa abin da manyan biranen duniya ke kashe dukiya suna nema a yau, wato hanyar tattaki da keke da sassarfa wadda ta zagaye gari, mu mun gaje shi tun ƙarnoni da suka wuce, kuma a kan idonmu yake salwanta.

Birnin da aka auna da ƙafa

Masana tarihi suna danganta kafuwar sarautar birnin da Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ginin babbar ganuwa kuwa da zamanin Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Da jar ƙasa aka yi ta, aka haƙa rami a bayanta, kuma da aikin gayya ake gyara ta bayan damina ta zaizaye ta. Baturen Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14. Ya ce mazaunan birnin a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, alhali filin da ganuwar ta rufe zai iya ɗaukar mutum 100,000. Yaƙin jihadin da ya kai Ummarun Dallaje ga mulki a 1807, da hare-haren Haɓen da suka koma Maraɗi, su suka rage jama'ar.

Abin lura a bayanin Barth shi ne, mafi yawan cikin ganuwa fili ne da gonaki. Magabata ba su gina katanga ta matse gidaje ba. Sun bar sarari domin idan aka yi wa gari ƙawanya a sami wurin noma da kiwo. Wannan sarari cike yake da turbobi. Masu gadi suna bin badala, masu gyara suna bin gindin ganuwa, manoma suna ratsawa daga unguwa zuwa gona. Ke nan zagayen ganuwa shi ne hanyar kewaye ta farko da Katsina ta mallaka. Idan aka bi ƙiyasin Barth, tsawonta ya kai kilomita 21 ko fiye, daidai da abin da masu tseren duniya ke kira rabin gudun famfalaƙi.

Daga wannan zobe hanyoyi suka fita kamar haƙarƙarin laima. Ƙofar Ƙaura ta nufi Kano, Ƙofar Ƙwaya ta nufi Dutsin-Ma, Ƙofar 'Yanɗaka ta nufi Batsari, Ƙofar Guga ta nufi Jibiya da Maraɗi, Ƙofar Sauri ta nufi Kaita, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa kuwa suna duban gabas, wajen Mani da Daura. Ta waɗannan ƙofofi raƙuman Azbin suka shigo da gishiri, jakunan fatake suka fita neman goron Gwanja, almajirai suka zo neman karatu a garin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ba banza aka ce tafiya mabuɗin ilmi ba. Unguwanni da ƙauyuka irin tamu Kambarawa da ƙafa suka ƙulla zumuncinsu da kasuwar birni. Tsofaffinmu ba da kilomita suke auna nisa ba, da lokaci suke aunawa: a fita bayan asuba a isa da hantsi.

Doki, keke, sannan inji

A 1903 Lugard ya shigo birnin ta Ƙofar 'Yanɗaka. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, kuma abin da ya rasa aiki yakan rasa mai gyara. Amma tafiya a kewayen gari ba ta mutu nan take ba, sai ta sake kama. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906 ya rasu a 1944, shi ya dasa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje. Kilisa da sukuwa suka ci gaba da raya filayen bayan gari. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta saka wasanni a cikin tarbiyyar ɗalibanta, har motsa jiki ya zama darasi mai lokacinsa.

Sai keke ya zo. Kuɗin gyaɗa da auduga ya sa Raleigh ya shiga gidajen manoma da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. A ganina, babu abin hawan da ya dace da tsohuwar turba kamar keke: bai buƙatar a faɗaɗa ta, bai korar mai ƙafa, bai tsorata jaki. Shekaru da dama turba ɗaya ta ɗauki mai tallan nono da ɗan makaranta da mai keke ba tare da wani ya ture wani ba.

Babban sauyi ya zo ne ranar 23 ga Satumba, 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo, filaye suka yi daraja, gonakin cikin ganuwa suka koma fulotai, gari ya tsallake ƙofofinsa ya haɗiye ƙauyukan da ke gefensa. Aka shimfiɗa tagwayen tituna, aka sake gina ƙofofi da siminti domin mota ta wuce, aka yi titin zobe a bayan gari. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gari mai girma dole ya numfasa. Abin da nake tuhuma shi ne, a cikin wannan lissafi duka an ƙidaya taya, ba a ƙidaya ƙafa ba. Ganuwa kuwa ta zama wurin ɗibar ƙasar gini, raminta ya zama juji, wasu sassanta aka dasa gidaje a kansu. Har sunan keke ma ya ƙaura: yau idan yaro ya ce zai hau keke, mai ƙafa uku mai inji yake nufi.

Abin da aka rasa

Na taso ina jin dattawan Kambarawa suna lissafa turbobin da suke bi zuwa birni, ta bakin lambuna da gindin kukoki. Da na tasa na nemi bin wasu daga ciki, sai in tarar da katangar bulo ta datse su. Turba ba ta da takardar mallaka. Shaidarta ɗaya ita ce sawun masu bin ta, kuma ran da aka yanka fuloti a kanta, babu kotun da za ta kai ƙara.

Asarar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Hawan jini da ciwon sukari sun zama baƙin da suka zauna a gidajenmu, kuma shawarar likita ta farko ita ce a riƙa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. To ina za a taka? Wanda ya fita da sanyin safiya zai ga matasa suna sassarfa a gefen kwalta, suna kauce wa babura da tirela, wasu kuma sun nufi filin wasa na Muhammadu Dikko. Matashi yana iya wannan kasada. Amma dattijo mai sanda fa? Uwar gida da aka ce ta rage zama fa? Yaron da aka saya wa keke fa? A da, amsar ita ce a fita bayan gari. Yau matsalar tsaro da ta addabi yankunan Batsari da Jibiya ta sa mutane ba sa sha'awar yin nisa da gari domin shan iska. Ciki ya cushe, waje ya yi tsoro.

Darasi daga masu ganuwa irin tamu

Ba mu kaɗai muka gaji katangar da yaƙi ya bar mata aiki ba. A birnin Shi'an na ƙasar Sin, ganuwarsu mai kusan kilomita 14 ta zama wurin da ake hayar keke a zagaya a kanta. A Lukka ta Italiya, tun ƙarni na 19 aka dasa itatuwa a kan ganuwa mai kimanin kilomita 4, ta zama wurin shan iskar mutanen gari. A babban birnin Koriya ta Kudu, tsohuwar ganuwa mai fiye da kilomita 18 ta koma hanyar masu tattaki. Darasin ɗaya ne: ganuwar da ake takawa a gefenta kullum tana da masu gadi dubu, wadda aka bari ita kaɗai kuwa ko an kafa mata allon gargaɗi sai an ci ta.

Na san za a ce tasu ta dutse da bulo ce, tamu ta ƙasa. Gaskiya ne, kuma hujja ce a kan gaggawa. Ba na kira a hau kan abin da ya rage na ganuwa, domin ƙafa za ta ƙarasa abin da ruwa ya fara. Ba na kuma kira a rushe gidan talakan da ya riga ya zauna. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi. A auna layin ganuwa daga ƙofa zuwa ƙofa, a rubuta abin da ya saura. Inda akwai sarari a gindinta, a ware shi a matsayin turbar jama'a. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna bisa amana, kuma wannan yana cikin amanar. Inda gine-gine suka toshe, a bi lungun da ya fi kusa, a sa alama. A kwashe juji, a dasa bedi domin inuwa, a hana babur shiga. A haɗa zoben da Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce, domin mai tafiya ya sami lafiya ya kuma sami sani. Masu unguwanni su riƙe sassan da ke gabansu, kamar yadda kakanninsu suka riƙe rabonsu na gayyar ganuwa.

Kammalawa

Tarihin hanyoyin Katsina ya nuna mini abu guda: kowane zamani ya gaji turba daga na bayansa, ya ƙara mata nasa abin hawa, bai kori na farko ba, sai zamaninmu. Madugu bai hana manomi wucewa ba, doki bai hana jaki ba, keke bai hana mai ƙafa ba. Idan muka bar layin ganuwa ya ɓace ƙarƙashin bulo, jikokinmu za su gaji sunayen ƙofofi bakwai ba tare da sanin abin da ya haɗa su ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tamu tana nan a gindin ganuwa, saura kaɗan ta ƙare. Damina ɗaya ko biyu na iya raba mu da wani sashe har abada, don haka aikin awo ya kamata ya fara tun kafin ruwan bana ya sauka.