Ƙoƙo

Ƙoƙo ƙaramar ƙwarya ce. Daga duma ake samunsa: idan ya bushe a raba shi biyu, a fafe cikin, a wanke. Da shi kakanninmu suke shan ruwa da kunu da fura kafin zuwan kofin roba da na tangaran. Jam'insa ƙoƙuna. Saboda siffarsa ne ake cewa ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa.

A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wannan kalma ce ke tsayawa a madadin “kos” na Ibraniyanci da “poterion” na Helenanci. Abin shan mutanen Isra'ila yawanci na yumɓu ne, na manya kuwa na ƙarfe mai daraja, kamar na azurfa da Yusufu ya sa aka ɓoye a buhun Biliyaminu (Farawa 44). Duk da haka masu fassara sun yi zaɓi mai kyau, gama ƙoƙo shi ne abin shan da kowane gida ya sani.

Wasu matasa yau ba sa jin kalmar sai a “ƙoƙon bara”, don haka sukan ɗauka ƙoƙo a Littafi alamar roƙo ce. Ba haka ba ne. Maigida ne yake zuba wa baƙo, abin da ya zuba kuwa shi ne rabon baƙon. To, ƙoƙo yana nufin rabon da Allah ya ba mutum, mai daɗi ko mai ɗaci. A Zabura 23:5 ƙoƙon Dawuda ya cika har yana zuba: albarka ke nan. A Ishaya 51:17 da Irmiya 25:15 kuwa, ƙoƙon hasalar Allah ne, wanda Urushalima da al'ummai suka sha saboda zunubi.

Wannan ma'ana ta biyu ce ke bayyana addu'ar Getsamani (Matiyu 26:39). Sa'ad da Yesu ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon, in mai yiwuwa ne, ba zafin gicciye kaɗai yake nufi ba, har da hukuncin da annabawa suka ambata. Ya kuma tambayi Yakubu da Yahaya ko za su iya shan ƙoƙonsa, lokacin da suke neman manyan kujeru (Markus 10:38).

A Jibin Ubangiji, Bulus ya kira shi ƙoƙon albarka, wato tarayya cikin jinin Almasihu (1 Korantiyawa 10:16). Wasu ikilisiyoyi suna sha daga babban ƙoƙo ɗaya, wasu kuma kowa da ɗan ƙaramin kofinsa, amma a bakin fasto har yanzu sunansa ƙoƙo.