Duniya Mai Kogo: Tarihin Wani Zato da Matsayinsa ga Mai Karatu a Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatunsa da Faransanci a ƙasar nan, da wuya a ce bai gamu da sunan Jules Verne ba, ko a aji ko a ɗakin littattafai. Da yake har yanzu babbar matsalar masu tsara aikin yaƙi da jahilci ita ce rashin abin da sabon mai karatu zai karanta bayan ya fita daga aji, akan kawo shawarar a juya irin labaransa zuwa Hausa. Shawarar tana da kyau, amma kafin a ɗauki alƙalami ya kamata a san asalin abin da za a juya, da kuma abin da zai tarar a kunnen mai karatu.

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi tarihin reshe ɗaya na ƙagaggun labaran kimiyya, watau waɗanda ke cewa cikin duniya kogo ne, kuma akwai al'ummomi ɓoye a cikinsa. Sa'an nan mu gwada shi da abin da Bahaushe ya riga ya sani game da ƙarƙashin ƙasa. Mun ɗauki gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram a matsayin misali.

2. Daga zaton masana zuwa ƙagaggen labari

Wannan zance bai fara a matsayin tatsuniya ba. A shekarar 1692 masanin taurari na Ingila, Edmond Halley, ya nemi dalilin da ya sa allurar maganaɗisu mai nuna arewa take ɗan kaucewa shekara bisa shekara. Sai ya kawo zaton cewa doron da muke takawa ɓawo ne mai kaurin mil 500, kimanin kilomita 800, a cikinsa kuma akwai wasu ɓawo biyu da cibiya, kowane yana juyawa da saurinsa, kamar ƙorai da aka jera wata cikin wata. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa akwai haske da masu rai a tsakaninsu.

Marubuta ba su bar wannan ƙofa a rufe ba. A 1741 Ludvig Holberg, haifaffen Bergen ta ƙasar Norwe, ya fitar da labarin Niels Klim cikin Latinanci. Klim ya faɗa wani rami kusa da garinsu, ya sauka a wata duniya mai suna Nazar, inda itatuwa ke tafiya suna magana, mata suna riƙe da muƙaman shari'a, kuma mai jinkirin tunani shi ake girmamawa. Manufar Holberg ita ce zambo ga sarakuna da malaman addinin zamaninsa. A 1788 Casanova ya buga Icosaméron da Faransanci, labarin wa da ƙanwa da suka yi shekara 81 a cikin duniya.

A Amurka zancen ya koma da'awa. A watan Afrilu na 1818 wani tsohon hafsan soja, John Cleves Symmes, ya rarraba takarda yana shelar cewa duniya holoƙo ce, tana da manyan ƙofofi a ƙuryar arewa da ta kudu, yana neman mutum 100 su raka shi. Bayan shekara biyu aka buga Symzonia, ƙagaggen labarin da aka gina bisa wannan da'awa. Daga nan sai Jules Verne da Voyage au centre de la Terre a 1864, inda Farfesa Lidenbrock da Axel da jagoransu Hans suka shiga ta bakin dutse mai aman wuta a Aisland, suka tarar da teku a ƙarƙashin ƙasa, suka fito ta dutsen Stromboli na Italiya. A 1871 Edward Bulwer-Lytton ya fitar da The Coming Race, a 1914 kuma Edgar Rice Burroughs ya fara labaran Pellucidar.

Abin lura shi ne, kafin yawancin littattafan nan su fito, kimiyya ta riga ta kashe zaton. A 1798 Henry Cavendish ya auna ya tarar nauyin duniya ya kusa ninka na ruwa mai girmanta sau biyar da rabi, alhali duwatsun da ke bisa doronta ba su kai ninki uku ba. Ke nan abin da ke ciki ya fi na waje nauyi, balle a ce fanko ne. A 1906 Richard Oldham ya gano cibiyar duniya ta hanyar nazarin girgizar ƙasa, a 1936 kuma Inge Lehmann ta ƙasar Danmak ta nuna cewa a cikin cibiyar akwai wata cibiyar. Roald Amundsen ya taka ƙuryar kudu a 1911, bai ga ƙofa ba. Zaton ya mutu a wurin masana, amma ya ci gaba da rayuwa a cikin littattafan hira.

3. Harshen mutanen ƙarƙashin ƙasa

Akwai abin da ya shafi masu ilimin harshe kai tsaye. Duk marubucin da ya saukar da jaruminsa cikin wata al'umma, dole ya faɗi yadda suka fahimci juna. Casanova ya ba mutanensa harshe marar baƙaƙe, wasula kawai da ake rerawa, hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana. Abin da ya ɗauka al'ajabi ne, wani ɓangarensa abin yau da kullum ne ga Bahaushe, wanda karin sauti ke raba masa kuka na ido da kuka ta miya. Verne kuwa ya fara labarinsa da wata ɓoyayyiyar rubutacciyar takarda wadda sai da aka warware ta aka san hanya.

Bulwer-Lytton ne ya fi zurfafawa. Ya sadaukar da littafinsa ga masanin harsuna Max Müller, ya keɓe babi guda ga nahawun mutanen da ya kira Vril-ya, ya kuma jingina harshensu ga dangin harsunan Indiya da Turai. Tunanin da ya biyo shi ne na ƙarni na 19, wanda ke jera harsuna bisa tsani, wasu a ƙasa wasu a sama, kuma darajar harshe ita ce darajar jinsin masu shi. Wannan tsani ba baƙo ba ne gare mu. Da irinsa Carl Meinhof ya sa Hausa cikin rukunin da ya kira na Hamawa a 1912, har zuwa lokacin da Joseph Greenberg ya rushe rukunin, ya tabbatar da Hausa cikin dangin Cadi a rabe-rabensa na 1963. Saboda haka mai juya littafi irin wannan ba labari kaɗai yake ɗaukowa ba, har da ra'ayin zamaninsa game da wanda ya waye da wanda bai waye ba.

4. Abin da mai karatu ya riga ya sani

Mai karatu a Magarya ko Dungas ba da kai fanko zai zo ba. Gundumomin biyu suna kan iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. Dungas, wadda aka cire daga gundumar Magarya ta zama gunduma mai kanta a 2011, tana cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki tare da Waca da Miriya. Gidan sarautar Magarya kuwa daga Daura ya samo asali. A nan labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajida da ya kashe shi, labarin gida ne. Tun daga tushen tarihi, rijiya wuri ne mai mazauni.

Ana iya rarrabe rijiyoyi uku da tunanin mai karatu ke sha daga gare su. Ta farko ita ce ta tatsuniya da al'adar iskoki. Suri da kogon kuka da gindin tsamiya da tsohuwar rijiya da kufai duk an san su da zama gidajen mutanen ɓoye. Masu bori suna da birnin Jangare, wanda Tremearne ya ambata a 1914, Fremont Besmer kuma ya bayyana gidajensa 12 a 1983 bisa binciken da ya yi a Kano, da Sarkin Aljan Sulemanu a bisa kansu. Jangare al'umma ce cikakkiya mai sarauta da zumunta da sana'o'i, sai dai ba a ganinta.

Ta biyu ita ce ta makarantar allo da ta ilimi. Ƙarshen Suratuɗ Ɗalaƙ ya ambaci sammai bakwai da kwatankwacinsu na ƙasa, littattafan ƙissoshin annabawa, irin na Kisa'i, suka yi bayanin ƙassai bakwai kowace da mazaunanta. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin Hasibu, wanda abokansa masu saran itace suka bari cikin ramin zuma, ya bi wata ƴar kafa har ya isa fadar sarauniyar macizai.

Ta uku ita ce ta littattafan boko. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, dukansu sun kai jaruminsu ƙasar aljannu. Sai a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi abota da baƙo daga sararin sama. Nan ne Hausa ta taɓa ƙagaggen labarin kimiyya sosai, amma sama ta nufa, ba ƙasa ba.

5. Inda hanyoyin biyu suka rabu

A nan ne bambancin yake. A labarin Turai abin da ya raba mu da mutanen ƙarƙashin ƙasa nisa ne. Ana zuwa da igiya da fitila da ma'aunin zafi, ana rubuta zurfin da aka kai kowace rana, kuma duk mai kayan aiki yana iya bin sawu. A labarin Hausa abin da ya raba mu da su shamaki ne. Ba a auna shi da gaba, kuma hali ko rabo ko asiri ke buɗe shi: marainiya mai ladabi ta shiga ta fito da arziki, ƴar mowa ta bi bayanta da rashin kunya ta kwaso tsiya.

Idan aka juya Verne ba tare da lura ba, ɗayan biyu zai faru. Ko mai karatu ya ɗauke shi labarin aljannu, sai ɗan ilimin duwatsu da ke ciki ya salwanta. Ko kuma, ganin lambobi da sunayen garuruwa na gaske a cikin littafin boko mai hatimin hukuma, ya ɗauka rahoto ne, ya tafi da yaƙinin cewa Turawa sun shiga cikin duniya sun tarar da teku. Na biyun ya fi haɗari, domin tatsuniya tana da alamarta: da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san inda aka dosa, a ƙarshe kuma mai bayarwa ya amsa cewa ƙarya ya shara. Littafin da aka juya ba shi da wannan alama sai an sa masa.

Kalmomin ma suna da tarko. «Ƙasa» tana nufin turɓaya, da ƙasar haihuwa, da kishiyar sama. «Duniya» tana nufin wannan ƙwallo da muke bisansa, tana kuma nufin kishiyar lahira. «Ƙarƙashin ƙasa» na iya zama ramin gyare, na iya zama kabari. Mai juyawa da ya rubuta «wata duniya» yana nufin wani kogo mai faɗi, mai karatu na iya jin lahira.

6. Kammalawa da shawara

Tun daga kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, da taron Bamako na 1966 kan haruffa, da makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, ƙoƙarin ya fi karkata ga daidaita rubutu. Yanzu da kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, nauyin daidaita kalmomin kimiyya ya ƙaru. Muna ba da shawara uku.

Ta farko, kowane littafi irin wannan ya ɗauki shaida a bangonsa cewa ƙagaggen labari ne, da shafi ɗaya a ƙarshe mai faɗin abin da aka tabbatar: daga doron duniya zuwa cibiyarta kimanin kilomita 6,371 ne, rami mafi zurfi na Kola a Rasha kuwa ya tsaya a mita 12,262 a 1989, watau bai kai kashi 1 cikin 500 na tafiyar ba.

Ta biyu, a tsayar da kalma ɗaya ga kowace ma'ana a cikin littafi, a bayyana ta tun a shafin farko, kada a sauya.

Ta uku, kafin a aro kalma daga Faransanci, a je wurin magina rijiya. A kwarin Korama ruwa yana kusa, shi ya sa ake noman rake a fadamun yankin, alhali a birnin Damagaram, wanda ke zaune bisa fa, an daɗe ana fama da ƙarancinsa. Mutanen da suka san wannan bambanci da hannunsu suna da sunan kowane hawa da suke ratsawa: rairayi, jangargari, yumɓu, tsakuwa, marmara, fa, har zuwa idon ruwa, kuma suna auna zurfi da gaba. Tattara waɗannan kalmomi ƙauye ƙauye a gundumomin biyu, tare da rubuta karin sautinsu da tsawon wasulansu, shi ne aikin da ya kamata ya riga juya littafin farko.